Ranar da Afiniki Ta Je Sayen Bututun Birki

A shekarar da aka yi ƙidayar jama'a, ana gab da fara tonon citta, Meshak ya karya ƙafa. Duk Kwoi an ji labarin, domin shi da bakinsa yake ba masu zuwa dubiya, kuma kullum ya sake bayarwa sai gangaren ya ƙara tsawo. Abin da matarsa Afiniki ta tabbatar shi ne, yana dawowa daga gona a akori-kurarsa, tsohuwar Fijo fara da ya saya tun yana aikin malamin gona, ya taka birki a gangaren rafi, sai ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa kamar ya taka ruɓaɓɓiyar gwanda. Ya sake takawa, shiru. Ya ja birkin hannu, wanda ya mutu tun kafin sojoji su dawo mulki. Daga nan ya kira sunan Yesu, ya buɗe ƙofa, ya yi tsalle. Ita kuwa motar ta ci gaba da gangarawa a hankali, ta kauce hanya da kanta, ta shiga gonar doyar wani ta tsaya. Ko fitila ba ta fashe ba.

Aka kai Meshak wurin mai ɗori, aka dawo da shi aka kwantar a doguwar kujerar falo, ƙafa ɗaure da karare. Motar kuma aka turo ta ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida, inda zai riƙa hango ta ta taga. Washegari Dogara bakanike ya zo da jakar sifanoninsa. Shi ke duba motar tun tana da ƙuruciya, kuma shi da Meshak aji ɗaya suka yi a firamaren mishan, tun lokacin ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Ya shiga ƙarƙashi ya daɗe, sannan ya fito da wani dogon bututu siriri, ya fi mutum tsawo, da noti a kowane baki. Ya ce wannan ne ke kai man birki daga gaba zuwa ƙafafun baya. Ya ɗaga shi sama, sai ga hasken rana yana leƙowa ta hujin da tsatsa ta yi.

A nan gardama ta tashi, ɗaya a waje ɗaya a ciki, taga a tsakaninsu. Dogara ya ce a sayo na jan ƙarfe, domin ba ya tsatsa, kuma da hannu ake lanƙwasa shi kamar dafaffiyar taliya. Meshak ya ce jan ƙarfe kayan firiji ne, hanyar gona za ta jijjiga shi har ya tsage, kuma waɗanda suka ƙera motar ba wawaye ba ne da suka sa baƙin ƙarfe. Dogara ya nuna masa hujin ya tambaye shi wane ƙarfe ne ya kwantar da shi a kujera. Meshak ya ce tsufa ne ya huda shi, kuma shi ma Dogara in aka ɗaga shi a rana za a ga haske ta wani wurin.

Afiniki tana bayan gida tana tankaɗe, tana jin su. Mace ce mai jiki, mai sanyin magana, ita ke buga tulu in ana waƙa a Zumuntar Mata ta majami'a, kuma ba ta taɓa damuwa da abin da ke ƙarƙashin mota ba. Damuwarta citta ce. Ganye ya bushe a gona, masu tono sun sa rana, kuma ba da kai za a kwaso buhuna daga bayan rafi ba. Da ta ga rana ta yi sama ba su gama ba, ta fito ta tambayi wa zai je Kafanchan. Meshak ya ce Dogara ba zai je ba, don ya san abin da zai kawo. Dogara ya ce ko an roƙe shi ba zai je ya sayo abin da zai sake karya wa mutum ƙafa ba. 'Yarsu Martina tana makarantar koyon jinya, samarin gidan duk suna Kaduna. Sai duka biyu suka juyo suka kalle ta.

Da safe ta yi shiri, ta ɗaura zanenta mai kyau. Meshak ya kira ta kusa da kujera, ya rage murya.

"Maman Martina, ki ji ni da kyau. Baƙin ƙarfe. In sun ba ki ja, ki ce maigida ya hana."

Ta ce ta ji. Tana isa tasha sai ga Dogara a kan babur, ya kawo mata tsohon bututun. Ya ce ta riƙe shi da kyau, da shi za a auna tsawo, kuma notin da ke bakinsa dole a samo mai zare iri ɗaya, in ba haka ba ba zai ɗauru ba. Sannan ya waiga kamar Meshak zai iya biyo shi da ƙafa ɗaya.

"Mama, kar ki bi maganan Oga. Zafin ƙafa ne yana sa shi magana. Ki kawo ja."

Ta ce ta ji shi ma.

Ƙaramar bas ɗin ta cika, bututun kuma ya ƙi shiga. Ta gwada ta ƙofa, bakinsa ya cire wa wani dattijo hula. Ta gwada ta taga, ya kusa tsone wa wata mai goyo ido. Kwandasta, wani ƙato mai jajayen idanu, ya karɓa ya ce zai ɗaura mata a sama tare da kaya, ta kwantar da hankalinta. Ta zauna a tsakiya, an matse ta ta ko'ina, tana maimaita saƙon a ranta: baƙi na maigida, ja na Dogara, noti mai zare iri ɗaya. A Kagoma aka tsaya, wata mata ta sauka da kwandon kaji, aka yi ta ƙwaram-ƙwaram a kan rufin mota, Afiniki ba ta kawo komai a ranta ba.

Sai a tashar Kafanchan ta gane abin da ya faru. Igiya ta gaza wa kwandasta tun a Kwoi, shi kuwa da ya ga doguwar waya a hannunsa sai ya naɗe kwandon kajin da ita. Bututun da tsatsa ta riga ta gama da shi ya kakkarye. Ya miƙo mata guntaye biyu, ɗaya a murɗe kamar gammo, ɗaya da noti a baki. Ta tambaye shi sauran. Ya ce wataƙila yana jikin kwando, kwando kuma yana Kagoma. Ta tsaya tana kallonsa, shi kuma ya ce ai ya ɗauka tsohon ƙarfe ne za ta sayar wa masu gwangwan, ya juya yana kiran fasinjojin Kwoi.

Ta sa guntayen a jaka ta nufi layin masu kayan mota. A shagon farko aka ba ta tiyon roba, aka rantse mata shi ake yayi yanzu. A na biyu mai shagon ya kalli guntun ya tambaye ta ko na firiji ne. Wata mai sayar da ayaba ce ta tausaya mata, ta nuna mata shagon Malam Zubair a ƙarshen layi, ta ce in dai tsohuwar mota ce, can ake zuwa.

Malam Zubair dattijo ne siriri mai tabarau da farin gemu kaɗan. Mahaifinsa ya yi zamani yana sayar wa ma'aikatan jirgin ƙasa kayan keke a wannan wurin, shi kuma ya mayar da shagon na kayan mota. Ya ba ta benci, ya sa aka kawo mata ruwa, ya tambayi mutanen Kwoi da farashin citta, ya jajanta ƙafar maigida. Sannan ya karɓi guntayen ya juya su, ya tambaye ta motar ta wace shekara ce. Ta ce ba ta sani ba, amma fara ce, kuma ƙofar direba sai an ɗaga kafin ta rufu. Ya tambayi tsawon bututun. Ta miƙe ta ɗaga hannu sama, ta ce ya wuce nan. Tana cikin haka idonta ya sauka a kan wata akori-kura shuɗiya da ke gefen shago.

"Irin wancan ne, Malam. Sak. Launi ne kawai ya bambanta."

Malam Zubair ya yi murmushi ya ce ai wannan tasa ce, da ita ake kai kaya kasuwannin ƙauye. Ya shiga ciki ya fito da kaya iri uku ya shimfiɗa a kan tebur. Ga naɗin jan ƙarfe, ya ce wannan ko a rafi aka jiƙa shi shekara ba zai yi tsatsa ba. Ga wani fari mai sheƙi kamar sabon kwano, ɗan Taiwan, ya ce shi matasan kanikawa ke rububi. Ga kuma na Beljiyam, wanda aka ciro daga motocin Turai, ya ɗan yi duhu amma ƙarfen asali ne. Duk wanda ya ɗaga sai ya yabe shi har Afiniki ta ji shi za ta ɗauka, sai ya ajiye ya ɗauki na gaba ya yi masa yabon da ya fi. Ta gaya masa abin da maigida ya ce, ya ce maigida ya yi gaskiya. Ta gaya masa abin da Dogara ya ce, ya ce lalle wannan bakanike ya san aikinsa. Ta tambaye shi kai tsaye wanne ya fi.

"Mama, ba na ajiye mugun kaya a shagon nan. Ki rufe ido ki ɗauki kowanne, duk ɗaya ne."

Afiniki ta dubi tebur. Ita dai ta san in ta je sayen manja, ba ta tambayar mai manja wanne ne mai kyau, sai ta tambayi wanda take miya da shi a gidanta. Sai ta tambaye shi wanne ne a jikin tasa motar. Ya gyara tabarau ya ce na motarsa ai na musamman ne, daga Jos ya sa aka kawo, ya ba ƙaninsa Ja'afaru da ke tuƙa ta ya sa aka ɗaura tun kafin damina. Ana haka aka kira azahar. Ya ce ta zauna ta yi tunani, ya ɗauki buta ya tafi masallaci, ya bar wa maƙwabcinsa ido a kan shago.

Afiniki ta zauna ta kalli bututu uku, ta kalli shuɗiyar mota. In ta ga na jikinta da idonta, ai magana ta ƙare. Ta ɗauki wani kwali da ke jingine, ta shimfiɗa a gefen motar, ta ƙara ɗaure zani, ta kwanta rigingine, ta tura kanta ciki. Kai ya shiga, kafaɗu suka shiga, da aka zo tsakiya abin ya tsaya. Ta ja numfashi ta matsa da ƙarfi, ta shige har gwiwa, takalminta ɗaya ya fita ya kife a gefe. Ciki duhu ne da warin baƙin mai, ga ƙarafa iri-iri a saman hancinta, ba ta san wanne ne nata ba. Ta fara lalube da hannu tana neman siriri mai tafiya baya.

Mai ayaba ce ta fara hango ƙafafun. Ta ga ƙafafun mace a miƙe a ƙarƙashin mota, takalmi ɗaya a yashe, sai ta ɗora hannu a ka ta kwarma ihu wai mota ta taka wata mata. Kafin a ce wani abu layin ya cika. Masu shaguna suka fito, masu babur suka tsaya, wani ya ce ya ga lokacin da motar ta yi baya, wani ya ce direban ya gudu ta wajen layin dogo. Afiniki ta ji hayaniya, amma ta ɗauka faɗa ake yi a kasuwa, ta ci gaba da abin da ke gabanta. Wata ta kama ƙafarta ta ce da sauran ɗumi. Afiniki ta shure ta, aka ce tana shure-shuren mutuwa. Nan 'yan dako suka jeru a gefen motar, suka sa hannu, aka yi kirari ɗaya, suka ɗaga ɓangaren sama.

Haske ya shigo. Afiniki ta ga bututun a gabanta sarai, ta bi shi da ido har inda ya lanƙwasa kusa da ƙafar baya.

"Yawwa. Ku riƙe haka, yanzu ne ina gani da kyau."

'Yan dako suka kalli juna, jijiyoyin wuya a tashe, ba wanda ya san ko ya saki ko ya riƙe. A haka Malam Zubair ya dawo daga masallaci da carbi a hannu, ya tarar da motarsa ta karkace a hannun mutane, rabin kasuwa kewaye da ita. Aka jawo kwalin da Afiniki a kai, aka sauke motar. Ta tashi zaune, ɗankwali ya koma gefe, baƙin mai a goshi. Ta gode wa waɗanda suka ɗaga, ta nemi takalminta. Waɗanda suka fara kuka suka koma dariya, mai ayaba kuma ta yi fushi, ta ce an sa ta zubar da hawaye a banza.

Afiniki ta miƙa wa Malam Zubair wani tsinken baƙar roba, irin ta tsohon tyub ɗin taya, tana ɗigar da mai. Ta ce ba ta da niyyar ɓarna, taɓawa kawai ta yi ya biyo hannunta. Ta tambaye shi ko wannan ne na musamman da aka kawo daga Jos, domin abin da ta gani a ciki ya fi na maigidanta tsatsa, an dai naɗe shi da roba ne kamar karyayyiyar ƙafar kaza.

Malam Zubair ya shinshina robar, ya ɗanɗana man a kan yatsa, fuskarsa ta canza. Ya durƙusa da farar rigarsa ya leƙa. Da ya miƙe sai ya aika a kira Ja'afaru, wanda aka samo a wurin mai shayi. Ja'afaru mutum ne mai iyali, har da furfura a gemu, amma gaban yayansa sai ya koma kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. Ya ce ranar da aka ba shi bututun garejin ya cika, sai ya ɗan ɗaure da roba kafin gobe, goben kuma ba ta zo ba, tunda birki yana kamawa in an taka sau da yawa. Malam Zubair ya tuna masa cewa makon jiya a wannan motar ya ɗauko iyalinsa daga biki a Kagoro, ta gangaren dutse. Ja'afaru ya ce ai ga shi sun iso lafiya. Ya buɗe ƙofar motar, ya tura kujera gaba, ya zaro naɗin bututu a cikin takardarsa mai maiƙo, ko buɗewa ba a yi ba.

Malam Zubair ya warware takardar yana faɗa, yana kaɗa naɗin a gaban hancin ƙaninsa. Ya ce wannan ba irin na kan tebur ba ne. Cikinsa baƙin ƙarfe ne, jijjiga ba ta tsaga shi, waje kuma an yi masa riga da jan ƙarfe don kada tsatsa ta kama shi da wuri, kuma shi kaɗai ya rage a garin nan. Afiniki tana goge goshi da bakin zani, amma kunnenta yana wurin. Ciki baƙi, waje ja. Ta matso ta ce a ba ta ta gani. Da ya shiga hannunta ta koma benci ta zauna, ta ɗora shi a cinya, ta ɗora jakarta a kai.

Ta ce wannan take so. Malam Zubair ya ce wannan ba na sayarwa ba ne, gobe motarsa za ta Kasuwan Magani, kuma ita da kanta ta ga halin da take ciki. Ya sa Ja'afaru ya shiga ƙarƙashi da igiya ya auno tsawo, ko naɗin zai ishi mota biyu. Aka gwada, ya ishi ɗaya da ɗan saura. Sai ya koma lallashi, ya ɗauko na jan ƙarfe ya ce zai rage mata, ya ɗauko na Beljiyam ya ce zai haɗa mata da gwangwanin man birki kyauta.

"Malam, kai ka ce duka ɗaya ne, ba ka ajiye mugun kaya. To ka rufe ido ka ɗauki ɗaya a tebur ka sa a naka. Ni na ɗauki nawa."

Jama'ar da ba su gama watsewa ba suka fashe da dariya. Maƙwabcinsa ya ce shi shaida ne, da kunnensa ya ji an faɗi haka. Wani ɗan dako ya ce su da suka ɗaga mota ba su yarda matar nan ta tafi hannu wofi ba. Malam Zubair ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya kalli Afiniki da ta zauna daram kamar an dasa ta, ya kalli robar da har yanzu ke hannunsa. Shi ma sai dariya ta kama shi. Ya ce Kasuwan Magani ta jira wani makon, Ja'afaru kuma gobe da asuba zai hau motar haya zuwa Jos ya nemo wani, kuma a tsaye zai tafi in babu kujera.

Shi da kansa ya yanka mata daidai tsawon igiyar, ya ƙara ɗan kaɗan saboda lanƙwasa. Ya gwada notoci a kan wanda ta zo da shi har ya sami mai zaren da ya dace, na ɗaya bakin kuma, wanda ya tafi da kaji, ya sa aka kwance na motarsa aka gwada da shi. Ya zura su, ya buɗe bakunan bututun da wani ɗan ƙarfe har suka yi kamar bakin kakaki, ya toshe su da takarda don kada ƙasa ta shiga. Gwangwanin man birkin ma ya ba ta, ya ce na dubiyar maigida ne. A tasha kwandastan nan na safe ya miƙo hannu zai karɓi kaya, ta rataya naɗin a kafaɗa ta wuce shi, ta riƙe abinta a ƙirji har Kwoi.

Ta iso da sauran rana. Dogara yana zaune a kan bonet ɗin motar yana jira, Meshak ya sa an jawo kujerarsa jikin taga. Da ta warware takardar, jan bututun ya haska, Dogara ya diro yana tafa hannu, ya ce ya san Mama mai hankali ce. Meshak ya juyar da kai bango, ya ce shekara da shekaru yana zaune da mace, ashe maganar bakanike ta fi tasa, to su je su kashe shi gaba ɗaya. Afiniki ta shiga ɗaki ta ɗauko mayen ƙarfen da ta cire daga tsohuwar rediyo, wanda take manna allurai a jiki, ta kawo shi kusa da bututun a gaban taga. Ya manne, ƙwas.

Meshak ya ɗago, ya karɓa ya gwada da kansa, ya cire ya sake mannawa. Ya ce baƙin ƙarfe ne, shi ya faɗa. Dogara ya kankare gefe da farce ya ce ja ne, kowa yana gani. Ta gaya musu abin da Malam Zubair ya ce, ta bar su suna gardamar ko ciki ne ke aiki ko waje, ta tafi ɗora tukunya. Labarin shiga ƙarƙashin mota ba ta ba su ba, sai ranar Lahadi suka ji shi a bakin majami'a, daga wani da ya je Kafanchan sayen taki, kuma a nasa labarin tirela ce aka ɗaga.

Washegari Dogara ya sha wahalar lanƙwasa shi. Ya yi gumi, ya nemi kwalba ya riƙa naɗawa a jikinta don kada ya karye, yana ƙunƙuni cewa da ja ne zalla da tuni ya gama. Da ya ɗaura sai aka zo fitar da iska daga cikin bututu, aikin da sai da mutum a kan kujerar direba. Afiniki aka sa. Dogara yana ƙasa yana cewa ta taka, ta taka, ta riƙe, ta saki, Meshak kuma yana maimaitawa ta taga, sai dai kullum a makare, har ta rasa na wa za ta bi, ta ce ɗaya ya yi shiru. A hankali abin da ke nutsewa ƙarƙashin ƙafarta ya fara tauri, har ya zama kamar ta taka dutse.

Meshak ya ce ba za a gwada motarsa ba shi ba. Aka shimfiɗa katifa a baya, maƙwabta suka ɗauko shi suka ɗora, ya jingina da ƙofar baya, ƙafar ɗori a miƙe a kan matashi. Dogara ya tuƙa, Afiniki a gefensa. Suka bi hanyar filin makaranta, inda babu tudu babu gangare. Suna cikin tafiya wani alade ya fito daga shinge ya ratsa hanya. Dogara, wanda ya saba da wannan motar sai an yi mata da ƙarfin tsiya, ya ɗaga ƙafa ya danna iya ƙarfinsa. Motar ta tsaya cak. Afiniki ta dafe gaban mota da hannu biyu, a baya kuma suka ji wani dogon shuuu, sannan gum. Katifa ce ta taho da Meshak tun daga ƙarshe har jikin gilashi.

Suka fito da gudu. Ƙafar ɗori ba abin da ya same ta, domin matashin ne ya daki ƙarfe, sai dai hularsa ta faɗa hanya, shi kuma ya zame ya kwanta yana kallon sama. Da ya buɗe baki sai ya ce wa Dogara birkin nan ya yi yawa, a rage shi. Dogara ya ce a duk shekarunsa na aiki ba a taɓa kawo masa wannan ƙarar ba, kuma ba shi da sifanar rage birki. Afiniki ta ɗauko hular ta kaɗe ta sa masa, ta hau baya ta zauna a bakin katifar don ta danne ta, ta ce wa Dogara ya juya gida a hankali, gobe da sassafe masu tono za su shiga gona.